'Yar Jidda ta Bi da Mu ta Ƙofar Yaya

Shekarar da ɗanmu na fari ya dawo hutu daga Jidda, inda yake tuƙi, abin da ya kawo wa babansa bai fi faɗin tafin hannuna ba. Ni ya kawo mini tufafi da turare, ƙannensa takalma, Malam kuwa aka miƙa masa ɗan kwali. Da ya buɗe sai ga wani abu baƙi mai fuskar gilashi, da igiyar wuta, da wata roba mai kama da bakin kofi wadda ake mannawa a gilashin mota. Ɗan namu ya ce na'urar nuna hanya ce, duk inda mota take ta sani, kuma tana magana.

Malam ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Shekara ashirin ina bin dajin Simsim, yau kuma sai an yi mini jagora?"

Amma bai mayar ba. Kafin la'asar ya riga ya manna ta a boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya zagaya unguwa sau biyu yana tafiya a hankali don maƙwabta su ji. Muryar mace ce a ciki, da Larabcin mutanen can, mai laushi kamar ta likitar yara. Tun a ranar ya sa mata suna 'Yar Jidda, sunan kuma ya bi ta har ta tsufa a hannunmu.

Sana'ar Malam buhuna ce da igiyar ɗinki, a kasuwar Gadarif. Idan kaka ta yi, manyan manoma ba sa iya barin gona, sai shi ya loda buhunan ya kai musu har kambo, wato 'yan bukkokin da ma'aikata ke zama a tsakiyar gona. To a nan aka samu matsala. Rubutun da ke fuskar na'urar ƙanana ne. Malam ya yi karatun allo, yana da saukarsa, amma idonsa ya yi rauni. In ya sa tabarau na karatu ba ya ganin hanya, in ya cire ba ya ganin rubutu. Ni kuwa bayan haihuwata ta shida na shiga ajin manya da ake yi wa mata a gefen masallacin unguwa bayan la'asar, na yi shekara uku ina haɗa baƙi da baƙi har na iya. Ban taɓa zaton karatun zai wuce takardar magani da wasiƙar makarantar yara ba. Sai ga shi ya ɗora ni a gaban mota.

A cikin gari ta san titunan kwalta, bayan wani mai gyaran waya ya zuba mata taswirar ƙasarmu. Abin da ba ta sani ba shi ne mutane. Akwai wani layi a bayan kasuwa da masu albasa suka cinye tun kafin in yi aure, ko jaki sai ya karkace yake wucewa, amma kullum sai ta ce mu shiga nan. Malam ya ce mata, "Ke, a Jidda ake bin nan." In ya ƙi, sai ta yi shiru kaɗan, ta ce in da hali mu juya. Ya ƙi. Ta sake cewa mu juya, da muryar nan ba ƙari ba ragi. Wani lokaci yakan dube ni ya ce, "Kin ga, ba ta fushi." Ni kuma in ce, "Ba ta yi shekara talatin tare da kai ba ne, Malam."

Robar mannawar ba ta jure zafinmu ba. Da rana ta ɗaga sai ta saki, na'urar ta faɗo a cinyata. Muka jiƙa robar da ruwa, muka gwada da yawu, duk dai a banza. Daga baya na ɗinka mata ɗan matashi da ragowar atamfa, na cika shi da dawa, na yi masa rami a tsaka, ta zauna daram a gaban mota. In zafi ya yi yawa takan suma, fuskarta ta yi baƙi, sai in lulluɓe ta da gefen mayafina har ta farfaɗo. Na saba da ita kamar yadda ake sabawa da jinjiri mai yawan laulayi.

A shekarun nan, in za ka fita gari, akwai masu tsaron hanya da kan leƙa mota, kuma duk abin da ke da fuskar gilashi sai an tambayi mene ne. Don gudun dogon bayani nakan sauke ta in ɓoye a ƙarƙashin mayafi. Wata safiya na manta ban kashe ta ba. Mutumin yana duba takardun Malam, sai murya ta fito daga cikina ta ce mu ci gaba kai tsaye. Ya dubi Malam, ya dube ni, ya kawar da kai don kunya. Dole muka fito da ita. Ƙarshenta dai sai da ya kira abokin aikinsa, suka sa ni na nemo musu garinsu a ciki, suka yi ta nuna wa juna da yatsa, motoci na jira a bayanmu.

Amfaninta na gaske a daji yake, ko da yake a can ba ta san hanya ko ɗaya ba. Da mun sauka daga kwalta sai fuskarta ta zama fili fetal kamar faranti, ga 'yar motarmu ita kaɗai a tsaka. Amma in ka taɓa zuwa wuri ka sa masa alama, ba ta mantawa. Ko daga ina ka taso za ta ja layi miƙaƙƙe zuwa can, ta faɗi nisan da ya rage. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ƙasar baƙa ce, shimfiɗaɗɗiya, ba itace ba dutse sai can jefi-jefi, kuma duk damina garmar tarakta tana cinye hanyar bara, motoci su fitar da sabuwa. Kambo kuwa duk kamarsu ɗaya. A da Malam kan yi rabin yini yana tambaya. Ni ce nake rubuta sunayen alamomin, kuma tunda ban san sunayen manoman ba, sai in sa abin da na gani: kambon mai haƙorin zinariya, kambon karnuka, kambon da aka ba mu kankana.

Yanzu sai in faɗi abin da ke tsakanina da yayata, don ba a gane sauran labarin sai da shi.

Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu. Ita ce babba, ni ce auta, kuma ita ta goye ni lokacin da iyayenmu ke bin shanu, kafin a zauna wuri ɗaya. Ta yi aure a wani ƙauye da ke tsakanin Gadarif da Simsim. Da aka haifi jikarta ta fari, ta aiko mini tun ranar haihuwa cewa in zo suna. Sai ranar sunan ta faɗo a makon jarrabawarmu ta ƙarshe a ajin manya. Na yi ta juyi a kan gado, daga baya na zaɓi jarrabawa, na haɗa zane da turare da sabulu na ba direban lori ya kai. Bayan kwana huɗu ƙunshin ya dawo, ɗaurin da na yi masa ko kwancewa ba a yi ba. Da aka zo bikin 'yata, ita ma ba ta zo ba. Shi ke nan. Ba zagi, ba faɗa. 'Ya'yanmu suna waya da juna, suna kai gaisuwa suna kawowa, amma ni da ita shekara biyar ba mu haɗa ido ba.

A wajenmu laifin rashin zuwa ba a gyara shi a waya, sai mutum ya taka da ƙafarsa, kuma ƙarami ne ke takawa. Na san wannan sarai. Abin da ya hana ni tsoro ne, kada in je ta bar ni tsaye a tsakar gida a gaban surukanta. Duk shekara sai in ce bayan salla, bayan kaka.

Akwai kuma wata al'ada tamu. Garin da jininka yake, ba ka ratsa shi ka wuce ba ka sauka ba. In ka zagaya ta nesa, ba ka ce komai ba. In ka bi ta ƙofa aka ga ƙurarka ba a ga fuskarka ba, to ka faɗa wa duniya cewa ka yanke zumunci. Saboda haka duk tafiyar da za mu yi Simsim, Malam kan bi ta yamma, ta gefen wani babban tafki, hanyar da ke ƙara mana kusan awa biyu. Yakan ce ta fi kyau ga tayoyi. Bai taɓa faɗin wani dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, kakar riɗi ce. Mai haƙorin zinariya ya aiko cewa an kakkaɓe riɗinsa yana zube a kan tamfol, buhuna sun ƙare. Muka fita da hantsi. Da muka kai mararrabar da muke karkata yamma, sai muka tarar an nome hanyar, dawa tsaye ta fi mota tsawo, ba a girbe ba tukuna. Ba mai shiga dawar mutane da mota. Malam ya sauka, ya duba nan, ya duba can, ya dawo yana kaɗe ƙafa.

Ya ce, "To, yau za mu gwada gaskiyarta. Nemo mini kambon, mu bi layinta."

Na nemo. Layin ya miƙe kudu sak. Muka bi sawun motocin girbi, duk wanda ya fi kusa da layin, ina ce masa ɗan karkata hagu, ya isa, miƙe. Yana jin daɗi har yana 'yar waƙa a hanci. Ƙasa ta tsattsage da bushewa, mota na rawa, ina riƙe da matashin da hannu ɗaya.

Mun yi kamar awa guda sai na ga ɗan ɗigo ya leƙo daga saman fuskar na'urar, daf da layin, da rubutu a gefensa. Ba safai take nuna sunan ƙauye ba, amma wannan ta san shi. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malamarmu ta koya mana, ko da yake tun daga na farko na gane. Garin Yaya ne.

Akwai sauran tazara. Da na yi magana a lokacin, da Malam ya karkata, mun zagaya ta bayan gonaki ba wanda ya gan mu. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Miƙe." Ɗigon yana saukowa a hankali. Sau uku ya tambaye ni saura nawa, sau uku na faɗa masa nisan kambo ban ƙara komai ba.

Shi da kansa ya gane, da ya hango tankin ruwan garin a kan ƙafafunsa na ƙarfe. Waƙar ta tsaya. Ya taka birki a hankali har muka tsaya cak.

Ya ce, "Uwar yara, wancan tankin na san shi."

"Ni ma na san shi."

"Kin gani tun ɗazu?"

"Na gani."

"Ba ki faɗa ba."

Na ce, "Inda za a karkata da nisan da ya rage ka ce in riƙa karanta maka, Malam."

Ya cire hularsa ya share gumi, ya mayar. Mata na ɗibar ruwa a gindin tankin, wasu sun riga sun sa hannu a goshi suna kallonmu, kuma boksin Malam ba ɓoyayye ba ne, ƙofarsa ɗaya shuɗiya ce sauran jikin fari. Juyawa a wannan lokacin ya fi wucewa muni. Layin 'Yar Jidda dai yana nan ya ratsa ta tsakiyar gari.

Ya ce, "Da me za mu shiga? Buhu za ki miƙa mata?"

Gaskiyarsa, ba a shiga hannu rabbana. Muka duba motar. Buhuna, igiya, jarkar ruwa, ƙunshin abincinmu na rana, sai ɗanyen bunni, wato ƙwayar kofi, da sukari a takarda da Malam zai kai wa wakilin kambo. Na ɗauki bunnin da sukarin na ƙulle a gefen mayafina.

Mun same ta a ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gidanta, tana yanka kuɓewa don shanya. Ta rame kaɗan, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta ya yi fari tas. Labari ya riga mu isa, don an shimfiɗa tabarma, surukanta biyu suna leƙe daga ƙofar ɗaki. Muka yi sallama. Ta amsa wa Malam, ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi kasuwa, ta tambaye shi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ni na durƙusa a gefe na ce, "Yaya, mun same ku lafiya?" Ta ce, "Lafiya," idonta a kan wuƙa.

Sai ta ce wa Malam, "Ɓatan kai kuka yi?"

Ya ce, "A'a, Yaya, hanya ce ta biyo da mu."

"Hanyar nan tana nan tun kafin a haifi matarka. Na ji labari ai, an ce yanzu wani ƙarfe ne ke gaya muku inda za ku. Ashe ƙarfen ya fi ku sanin inda danginku suke."

Malam ya yi dariya. Ni na kwance gefen mayafi na tura takardar gabanta, na janye hannuna. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ajiye wuƙa, ta buɗe, ta ɗebi ƙwayoyin a tafinta ta shinshina.

Ta ce, "Wannan bunnin 'yan kambo ne. Ko tsinta ba a yi ba."

Na ce, "Shi muka samu, Yaya."

Ta kira surukarta ta ce a kawo garwashi da kasko. Ta tsince tsakuwa, ta zuba, ta fara suya tana kaɗa kaskon har ƙamshi ya cika gidan. Wanda ba a so ya zauna, ruwa ake ba shi ko shayin da ya riga ya dahu. Jabana kuwa, wato kofin da ake soyawa a gabanka a daka a dafa a tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ba a gama ta da wuri, kuma sai an sha zagaye uku. Sai na zauna sosai a tabarma.

Da ƙwayoyin suka yi baƙi ta juye su a ɗan turmi, ta turo mini da ƙafa. Baƙo ba ya daka a gidan mutane.

Ta ce, "Daka. Ko karatun ya kashe miki hannu?"

Na ɗauki taɓaryar ƙarfen na fara. Ina dakan ne ta yi maganar, a hankali, yadda surukan ba za su ji ba.

"Na gyara miki gado kusa da nawa, Auta. Kwana uku ban bar kowa ya hau ba."

Na ce, "Na yi laifi, Yaya. Ki yafe mini."

Ta jefo citta a turmin. "Kin ci jarrabawar dai?"

"Na ci."

"To da sauƙi. Da faɗuwa kika yi, wallahi da ban yafe ba."

Dariya ta kama ni, hawaye kuma na zuba a hannuna, na kasa daka. Ta karɓe taɓaryar tana cewa tun ina ƙarama ni raguwa ce.

A zagaye na biyu ta ce a kawo mata ƙarfen ta gani. Malam ya je ya ɗauko da matashinsa. Ta fi yaba matashin, ta juya ɗinkin ta ce bakin bai yi daidai ba. Na kunna mata, na nuna mata ɗigon garinsu da rubutun, ta kai shi kusa da ido, ta kai nesa, ta ce, "Wannan ɗan ƙurjin shi ne mu? Duk da shanunmu?" Ta so ta ji muryar, amma a ƙarƙashin rumfa 'Yar Jidda ta yi gum. Yaya ta ce ta san gidan da ta shigo.

Sai da azahar ta gota Malam ya tuna da riɗin mutane a ƙasa. Ya miƙe yana kallona. Yaya ta ce, "Kai je ka, ba ka ce layi ne miƙaƙƙe ba? Wannan ba inda za ta." Na saita masa kambon, na nuna masa cewa muddin 'yar motar tana kan layi to yana daidai, wannan ba ya buƙatar tabarau. Ya tafi shi kaɗai. Mu kuma muka zauna muka gama yankan kuɓewar. Aka kawo mini yarinyar da ban je sunanta ba, ta yi wayo har tana aike, ta tsaya tana kallona daga nesa sai da kakarta ta ce, "Je ki, taki ce, latti kawai ta yi."

Da la'asar sakaliya muka ji motar. Kafin Malam ya gama alwala, Yaya ta fito daga ɗaki da jakarta da ƙullin busasshiyar kuɓewa da kaza guda an ɗaure mata ƙafa. Ta ce za ta je ta ga 'yata da aka aurar a bayan idonta, ta ga ko mun zaɓa mata mutumin kirki. Ba ta tambayi ko akwai wuri ba. Ta buɗe ƙofar gaba ta ce in matsa ciki, taga tata ce.

Haka muka dawo Gadarif, ni a tsakiya da na'ura a cinya, kaza a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ina cewa hagu, Yaya tana cewa dama ta fi, ta san wajen tun babu tarakta. Malam ya bi tata sau biyu, sau biyun muka ƙare a bakin gonar mutane muka dawo da baya, ita kuma ta ce an canja wurin ne. Muna hawa kwalta 'Yar Jidda ta buɗe baki ta ce mu juya dama, Yaya ta zabura har ta buge kazar, sannan ta gyara zama ta ce, "Ai ni ma abin da zan ce ke nan."

Kwana uku ta ce za ta yi mana. Ta yi goma sha ɗaya, a gadon da ke kusa da nawa.